Aikin Lauyan Masu Saye da Abin da Ya Shafe Mu

'Yan'uwa, yawancinmu a ƙasar Batsari da Safana ba mu tuna lauya sai an yi rikicin gona ko an kama wani namu. Amma akwai lauyoyin da aikinsu shi ne kare mai saye, wato wanda ya ba da kuɗinsa aka ba shi taki, iri, maganin feshi ko maganin asibiti, daga baya abin ya cuce shi. Bari mu duba aikin ɗaya daga cikinsu, Babatunde Irukera, ɗan Jihar Kogi, domin babbar shari'arsa daga Kano ta taso.

Abin da ya faru a Kano

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin. Wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce ya nemi yardarsu, kuma ciwon ne ya yi ɓarnar.

A 2001 waɗansu iyalai suka kai ƙara a Amurka. A 2007 gwamnatin Kano da ta Tarayya suka shigar da tasu a gida, kuma Irukera yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa gwamnati. A 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar yaran nasu ne. Daga 1996 zuwa 2011, shekara 15 ke nan.

Daga kotu zuwa hukuma

A 2017 aka naɗa Irukera shugaban majalisar kare masu saye ta ƙasa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin majalisar da hukumar FCCPC, mai ƙarin iko. Irukera ya shugabance ta har Janairu 2024. A zamaninsa hukumar ta bi sawun masu ba da bashi ta waya, waɗanda ke tozarta mutum a wurin danginsa idan ya makara biya. A 2023 kuma ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin taba na British American Tobacco.

Me dokar ta ba mai saye?

Dokar ba ta mutanen birni kaɗai ba ce. Manomin da ya sayi buhun taki a kasuwar Batsari yana da waɗannan haƙƙoƙi:

1. A gaya masa gaskiyar kayan da farashinsa, yadda zai gane.
2. A ba shi rasit.
3. Ya mayar da kayan da ya lalace ko mai haɗari, a canja masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Cewar mai shago "in an saya ba a mayarwa" ba ta soke wannan haƙƙi.
4. Ya kai ƙara ga hukumar ko ga kotu idan mai sayarwa ya ƙi saurare.

Akwai kuma dokar kula da ingancin taki ta 2019, wadda ta hana gauraya taki da rage masa awo. Maganin mutane da na feshi kuwa, hukumar NAFDAC ce take yi masu rajista, ta ba su lamba.

Namu aikin

Lauya komai gwanintarsa, da shaida yake aiki. Idan masara ta ƙi yi bayan an zuba taki, mai sayarwa zai ce fari ne ko rashin noma. Wanda ya ƙona buhun, ba shi kuma da rasit, da me zai amsa? Saboda haka:

Ku karɓi rasit, ko da a fallen takarda ne, da kwanan wata da sunan mai shago. Ku adana buhun da ɗan ragowar takin. Kwalbar maganin feshi kuma a ajiye ta inda yara ba za su kai ba, kada a zuba ruwa ko mai a ciki. Ku duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai lalace. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta. A asibiti ku tambayi sunan maganin da ake ba yaro, a rubuta a kati. Tambaya ba raini ba ce.

Idan an cuci mutum goma da taki iri ɗaya, kada kowa ya haɗiye tasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta sunayenku, ku sanar da mai unguwa da malamin gona, ku je wurin mai shago tare. Idan ya ƙi, a kai maganar gaba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da taimakon shari'a kyauta a Katsina, hukumar da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Shari'a tana da jinkiri, kamar yadda iyayen Kano suka gani. Amma da sun yi shiru, da ba wanda ya sami ko kwabo. Kafin daminar bana, kowane gida ya tanadi leda ɗaya ta ajiye rasit.