Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Biya Kafin Kai Ƙarar Manhaja

Duk wanda ya san Setapak da ke birnin Kuala Lumpur ya san unguwa ce ta ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa. A nan jami'ar Tunku Abdul Rahman take, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak, maƙwabciyarta. Cikin matasanmu mazauna Danau Kota zuwa Wangsa Maju, da wuya ka samu wanda abincinsa ko karatunsa bai rataya a wuyan kwamfuta ba. Wani da ita yake lissafin kayan da yake aikawa Kano, wani kuma kundin digirinsa ne a ciki.

Akwai koken da ya kamata mu tattauna. Mutum zai sayi manhaja da guminsa, ta riƙa ba shi lissafin da ba daidai ba, ko ta rufe kanta ana tsakiyar aiki. Da ya nemi sanar da masu ita, sai a ce sai ya biya kuɗin taimakon ƙwararru kafin a saurare shi.

A nan dole a bambance abu biyu. Idan tela ya ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba ka biyansa don ka nuna masa. Amma idan ka koma ka ce ya ƙara maka aiki a wuya, wannan sabon ciniki ne. Haka manhaja take. Wanda bai iya aiki da ita ba, ya nemi a koya masa, hidima ya nema, kuma hidima da ladanta. Wanda kuwa ya gano aibi a ƙirarta, abin da Turawa ke kira ƙwaro, shi ne ya yi wa kamfanin hidima.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Tun a 1995 kamfanin Netscape na Amurka ya fara ba da tukuici ga masu gano aibi a manhajarsa. Mozilla ta bi sahu a 2004 da dala 500 kan kowace babbar ɓaraka ta tsaro, Google a 2010, Facebook kuma a 2011. Sun san abin da aibi ɗaya ke jawowa. Ranar 19 ga Yulin 2024, kuskure a sabuntawar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, har sai da aka koma tantance fasinjoji da hannu a filin jirgin saman Kuala Lumpur.

Sai dai a yi adalci. Akwai manhajojin kyauta da 'yan sa-kai ke kula da su ba albashi, kamar Log4j wadda ɓarakarta ta girgiza duniya a ƙarshen 2021. Irin waɗannan suna karɓar rahoto kyauta, amma idan kana son a ajiye komai a gyara maka yau, ba laifi ba ne su nemi lada.

To, mene ne abin yi? Da farko, nemi sashen kai rahoton aibi, domin sau da yawa daban yake da sashen taimako na kuɗi. Rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta, da matakan da ka bi har matsalar ta bayyana, ka haɗa da hoton allon. Idan ya zama dole ka biya, nemi alkawari a rubuce cewa za a mayar maka da kuɗinka in ta tabbata laifin nasu ne.

Wanda ya saya don amfanin kansa, ba don kasuwanci ba, dokar kare masu saye ta Malesiya ta 1999 ta tanadar masa kotun sauraren koke. Ringgit 5 ake biya a shigar da ƙara, ba a buƙatar lauya, kuma tana sauraren da'awa har ta ringgit 50,000.

A ƙarshe, 'yan'uwa, a yi hattara da masu bugo waya su ce daga kamfani suke, sun ga matsala a kwamfutarka, ka turo kuɗi. Wanda ya faɗa hannunsu ya gaggauta kiran 997, lambar cibiyar yaƙi da damfara. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.