Kan jirgin Wushishi: Abin da ya rage na layin dogo na farko a Arewa

Daga unguwar Fadikpe zuwa tashar jirgin ƙasa ta Minna tafiya ce ta ɗan lokaci a Keke Napep. A tashar akwai wani ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi da aka girke don tarihi, wanda mutane da dama ke giftawa ba tare da sanin cewa ya girmi Nijeriya kanta ba. Shi ne Injin Wushishi Mai Lamba Ɗaya, ƙirar kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila.

Labarinsa ya faro ne a 1901, lokacin da Lugard ya zaɓi Zungeru ta zama hedikwatar Arewa. Jiragen ruwan da ke tasowa daga Lokoja ba sa iya isa garin ta Kogin Kaduna, don haka aka shimfiɗa siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Wushishi. A 1902 aka tsawaita shi zuwa Barijuko, inda ruwa ya fi zurfi, ya zama kimanin mil 22. Ta kansa kayan gini da ma'aikatan gwamnati suka riƙa shiga sabuwar hedikwatar.

Layin bai wuce kimanin shekara goma yana aiki ba. Da babban layin dogo daga Legas ya iso yankin, sai aka tumɓuke ƙarafansa aka yi amfani da su a ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Hedikwata ta koma Kaduna, daga baya gadar ƙarfen Lugard ta bi ta, tana nan a lambun Gamji.

A birnin San Francisco na Amurka, taragun da igiyar ƙarfe ke ja tun 1873 har yau suna ɗaukar fasinjoji, domin mazauna birnin sun tashi tsaye lokacin da aka so kawar da su.

Injin Minna ba zai sake tafiya ba, kuma bukatunsa ba su da yawa: inuwa daga rana da ruwan sama, fenti mai hana tsatsa, da allon bayani da Hausa da Turanci. Wannan aiki ne da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi za su iya haɗa hannu a kansa, matuƙar wani jami'i a Abuja ya saka shi cikin kasafin kuɗin baɗi.