Daga Karan Dawa Zuwa Katakon Balsa

A Mamudo da ke ƙaramar hukumar Potiskum, kamar sauran garuruwan Arewa, yara kan ƙera jirgin wasa da karan dawa bayan kaka. Masu ƙera ƙananan jiragen da ke tashi kuwa sun fi dogara da katakon balsa, dangin rimi, wanda ƙasar Ekwado ke kan gaba wajen fitarwa.

Sai dai falle biyu masu girma ɗaya kan bambanta ƙwarai a nauyi da ƙarfi. Shi ya sa gwani kan auna kowanne a sikeli, ya gicciya shi bisa matokara biyu, ya rataya nauyi a tsakiya, ya auna lanƙwasarsa. Mara nauyi mai ƙarancin lanƙwasa shi ne ƙashin fiffike. Idan aka ninka kaurinsa, juriyar lanƙwasa takan ninku sau 8.

Injiniyoyin jirage marasa matuƙi irin Tsaigumi, wanda aka ƙaddamar a Kaduna a 2018, da wannan lissafi suke aiki. Jami'an da ke sayo wa makarantun fasaha kayan aiki su tuna: katako ba sikeli, asarar kuɗin gwamnati ne.