Gubar da tafasa ruwa ba ya kawarwa: daga Digil zuwa Legas

Jama'a, mun saba jin cewa da an tafasa ruwa shi ke nan. Gaskiya ne tafasawa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. To amma akwai sinadaran da ɗan Adam ya haɗa waɗanda tafasawa ba ta raba mu da su.

Mu ɗauki Digil, a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa. Yanki ne na noma, kuma abin da aka fesa a gona ruwan sama kan wanke shi zuwa rafuka, rijiyoyi marasa zurfi da kogin Yedzeram da ya ratsa Mubi. Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da lindane, wanda muka fi sani da Gamalin 20, kan shafe shekaru a ƙasa. Suna taruwa a kitsen kifi da na mutum, har cikin nonon uwa. A 2009 aka sa lindane cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta hana, wadda Najeriya ke ciki. A 2015 kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo kansa.

Mu da ke biranen kudu ma ba mu tsira ba. Akwai dangin sinadaran PFAS, da ake sa wa a kumfar kashe gobara da tukwanen da abinci ba ya kama su. Waɗannan in ruwa ya ƙone ma ƙara yawa suke yi a abin da ya rage. An danganta su da ciwon hanta, kansar ƙoda da raunin garkuwar jiki. A 2024 Amurka ta kafa wa wasu daga cikinsu iyaka a ruwan famfo.

To me za a yi? Kada a zuba ruwan sha a jarka ko duro da aka taɓa sa maganin feshi ko kayan masana'anta, ko an wanke shi sau goma. Masu ruwa a Agege da Sabon Ibadan, ku tambayi asalin jarkar kafin ku saya. A guji kifin da aka kama da guba. Wanda ke da hali ya sa matacin ruwa mai gawayin masana'anta, ya riƙa canza shi a kan lokaci.

In kun kira gida, ku tuna wa 'yan uwa: kada a wanke injin feshi a bakin rafi ko rijiya.