Wa Ke Cin Ƙwaron Rogo a Can Gidansu?

A shekarar 1973 manoman kewayen Kinshasa da Barazabil suka fara ganin rogonsu yana wata irin lalacewa da ba su saba da ita ba. Kan itacen sai ya dunƙule, sabbin ganye su nannaɗe su cure wuri guda, tsiron ya daina tsawo. In ka buɗe curin da yatsa, sai ka tarar da ƙananan ƙwari masu ruwan hoda, jikinsu buɗu-buɗu da wani farin abu, sun kafa baki suna tsotsar ruwan tsiron. Da rani ya tsananta sai ganyen ya kakkaɓe. A wasu gonakin asarar ta kai kashi 80 cikin ɗari. Ko masana ba su san ƙwaron ba, sai a 1977 wata Bafaranshiya, Danièle Matile-Ferrero, ta raɗa masa suna Phenacoccus manihoti.

Kafin a ankara ya zama ruwan dare. Yana cin kusan kilomita 300 a shekara, ga shi a lokacin mutum wajen miliyan 200 a Afirka da rogo suka dogara. Abu na farko da ya zo wa hukumomi a rai shi ne feshi. To amma farin abin nan kaki ne, magani ba ya ratsa shi sosai, kuma ƙwaron yana ɓoye can cikin curin ganye. Sannan dukkansu mata ne, suna ƙwai ba tare da namiji ba, ko ɗaya ta tsira ta isa ta sake cika gona. Balle a zo ga kuɗi: mai ɗan fegin rogo a bayan gida ina ya ga na magani duk shekara?

A 1979 wani matashin masanin ƙwari ɗan Suwizalan, Hans Herren, ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun. Shi ta wata ƙofar ya ɓullo wa lamarin, kuma a ganina nan ne duk basirar aikin take. Rogo ba ɗan Afirka ba ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Birazil tun ƙarni na 16. Ƙwaron da ya fi son rogo a kan kowane tsiro, da wuya in ba daga can ya fito ba. To me ya sa ba a taɓa jin ya yi ɓarna a Kudancin Amurka ba? Lallai akwai abin da ke cin sa a can, wanda bai biyo shi Afirka ba.

Aka bazama nema. A arewacin Kudancin Amurka aka samu wani ƙwaro a kan rogo, aka ɗauka shi ne, aka kwaso maƙiyansa. Suka ƙi hayayyafa a jikin na Afirka. Da aka ƙara dubawa sai aka ga kama da wane ba ta wane: wancan rawaya ne, kuma yana da maza. Wani jinsi ne dabam, wanda daga baya aka sa wa sunan Herren.

A farkon shekarun 1980 Anthony Bellotti na cibiyar CIAT da ke Kolambiya ya ci karo da na ainihin a ƙasar Faraguwai. Dalilin da ya sa aka sha wuyar gano shi ma hujja ce: ɗai-ɗai yake a can, don an hana shi sakat. Cikin masu hana shi har da wani zanzaro da bai kai ƙwayar gero ba, Anagyrus lopezi. Macen takan soki ƙwaron ta saka ƙwai a cikinsa, tsutsar ta cinye shi daga ciki, ya bushe ya zama ƙwanso, sabon zanzaro ya fasa ya fito. An tsare shi a Ingila aka tabbatar ba ya ɗauke da cuta, sannan aka sake shi kusa da Badun a ƙarshen 1981. Daga baya har da jirgin sama aka riƙa watsa shi.

Ƙwaron ya ragu ƙwarai, amma da sauran rina a kaba. Aikin zanzaron ne, ko ruwan sama ne, wanda dama yakan wanke ƙwarin? Peter Neuenschwander da abokan aikinsa a IITA suka gwada. Suka rufe kan wasu itatuwa da ƙyalle don zanzaron ya kasa shiga, ƙwarin suka yawaita a ciki. Suka kuma yi wa wasu gonaki feshi akai-akai, sai ga shi ƙwarin sun fi yawa a inda aka fesa, domin maganin ya kashe zanzaron ya bar mai kaki. Ina fata duk mai saɓa famfon feshi da ganin ƙwaro ya san labarin wannan gwajin.

Zanzaron ya kafu a ƙasashen Afirka fiye da ashirin, manomi bai biya ko kwabo ba. A 1988 masanin tattalin arziki Richard Norgaard ya ƙiyasta cewa kowace dala da aka kashe ta dawo da 149. Herren ya karɓi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Da ƙwaron ya ɓulla a Tailan a 2008, daga reshen IITA da ke Kwatano aka aika wa ƙasar da zanzaron.