Ko Kun Sani? Iskar Hunturu Ma Tana Iya Ba Da Wuta

Ko kun san cewa a 1991 ƙasar Denmak ta kafa manyan fankokin samar da lantarki guda 11 a cikin teku, kusa da Vindeby, irinsu na farko a duniya? An shiga ruwa ne don can babu tudu ko gini da zai tare iska. Sakkwato ba ta da teku, amma yankinmu na cikin waɗanda suka fi iska a Najeriya. Wanda ya ji hunturu na jijjiga rufin kwano a Mandera ko Shagari shaida ne. Har an gwada ƙaramar fanka a Sayya Gidan Gada.

Wani zai ce aikin Lambar Rimi a Katsina, mai fankoki 37 da megawat 10, ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya. Haka ne, sai dai iska ba ta gaza ba. Rashin tsaro ya taka rawa, har aka sace wani injiniya ɗan Faransa a 2012. Wani kuma zai ce iska takan lafa. To, a haɗa ta da sola: lokacin da ƙura ke lulluɓe gilashin sola, lokacin ne iska ke kaɗawa. Hukumomin Bodinga da Shagari, a fara auna iskar nan.