Saƙon hanji zuwa ƙwaƙwalwa: Abin da ke cikin allurar rage ƙiba

Ma'aikacin da ya fito ba karin kumallo don gudun cunkoson hanyar Nyanya, sannan ya afka wa abinci da la'asar, yakan ga laifin kansa. Amma yunwa da ƙoshi saƙonni ne da ciki da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa ta cikin jini, ta hanyar sinadaran da ake kira homon.

A 1902 ne Bayliss da Starling suka gano na farkonsu, sikiritin, a Landan. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa idan babu komai a cikinsa, shi ne mai tada yunwa. Da abinci ya isa hanji sai GLP-1 ya fito: ya sa jiki ya saki insulin, ya jinkirta ficewar abinci daga ciki, ya kuma shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Saƙon yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mai ci da gaggawa kan zarce buƙatarsa.

Sai dai jiki na lalata GLP-1 cikin kimanin minti 2. Mafita ta fito daga dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, inda aka samu makamancinsa mai daɗewa, ya zama maganin ciwon suga a 2005. Daga baya kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya fito da semaglutide, allurar mako-mako: Ozempic don ciwon suga a 2017, Wegovy don ƙiba a 2021.

Magani ne na gaske, amma ba kayan kwalliya ba ne. Yana iya jawo tashin zuciya, amai da gudawa, ba a ba mai juna biyu, kuma ƙibar kan dawo idan aka daina. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka.

Don haka wanda abokin aiki ya yi wa tayin allurar, ko ya ga tallarta a Instagram, ya fara da likita da gwajin suga, ya kuma saya a kantin magani mai rajista. Rage saurin loma kuwa ba ya buƙatar ko kwabo.